Zauren gidanmu na Birni ya tsage: mu rushe ko mu gyara?

Jikar Birni:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, a yi mini haƙuri da tsawon magana.

Muna da gidan gado a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba nisa da fada. Kakan mahaifinmu ne ya gina shi, ginin tubali tun daga tushe har rawani. Zauren na daurin guga ne, ƙafafun bakan gizo huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, a mahaɗar an kafa wata ƴar tasa wadda tun muna yara muke kwanciya rigingine muna kallonta. A fuskar gidan akwai zayyana, dagi a saman ƙofa, takobi a kowane gefe, sai zankwaye biyar a sama, ɗaya ya riga ya gutsure.

Tun damanar 2024 bangon zauren na gabas ya tsage, daga ƙarƙashin indararo har kusa da dakali. Bana tsagar ta ƙaru. Da na zo gida makon jiya na zura hannuna ciki har wuyan hannu. Akwai sanyi da ɗan danshi, alhali an fi wata biyu rabon da a ga ruwan sama. Wani tubali ya biyo hannuna, da na juya shi sai ga shatin yatsu huɗu na wanda ya mulmula shi. Na zauna kan dakali, hawaye suka zo mini.

Mu goma sha huɗu ne magada. Babban yayanmu yana son a rushe zauren da katangar gaba a yi shaguna uku na bulo da tol, kuɗin haya a riƙa rabawa. Goggonmu, wadda ke zaune ciki, ta ce ba za ta ga an sa diga a zauren ubanta tana da rai ba. Ni zuciyata tana wajen Goggo, amma ba na son zumunci ya ɓaci. Me za mu yi?

Ɗan Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, rai ya fi gini. Kowa ya ga abin da ya faru da tsohon masallacin Birni a watan Satumba na 2024. Masallacin da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ruwa ya kwantar da shi duniya tana kallo a waya. In wannan ya faɗi, zauren gidanku fa? Ku fitar da tsohuwa, ku rushe da hannunku kafin ya rushe kan mutane. Yayanki yana da gaskiya.

Tsohon Magini na Zango:
Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Na fi shekara arba'in ina kwaɓa ƙasa a garin nan. Ƴata, kafin kowa ya yanke hukunci, amsa mini tambaya huɗu. Tsagar ta fi faɗi a sama ko a ƙasa? An taɓa shafe bangon da siminti? Tsakanin daɓen zauren da titin ƙofar gida, wane ya fi tudu? Yaushe rabon da mutum ya hau rufin ya leƙa cikin indararo?

Jikar Birni:
Baba, sannu da ƙoƙari. Ta fi faɗi a sama. Siminti kuwa an shafa, wajen shekara goma ke nan, daga ƙasa zuwa kamar ƙirjin mutum, wai don ruwa ya daina cin gindin bangon. Titi ya fi tudu yanzu. Da hawa ake yi a shiga zauren, yau gangarawa ake yi. Rufi kuma, tun rasuwar mahaifinmu ban ji an ce wani ya hau ba.

Tsohon Magini na Zango:
To alhamdu lillahi, kin faɗi ciwon da bakinki. Ba tsufa ba ne. Ginin ƙasa ba ya mutuwa da tsufa, ruwa ke kashe shi, kuma ta wuri biyu yake shiga: ta kai da ta ƙafa. Naku ya samu duka biyun.

Ta kai: rufin soro azara ce aka jera, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka daɓe, aka karkata shi kaɗan don ruwa ya bi indararo ya zuba nesa da bango. Yau iska na kwaso leda ta cusa a bakin indararo. Ruwa ya kwanta a kan rufi, ya nemi hanya, ya samu gefen indararon ya sauka cikin bango. Shi ya sa tsagarku ta faro daga nan.

Ta ƙafa: titi ya hau, ruwan unguwa na kwanciya a gindin katanga. Ƙasa tana sha kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Da can in ta sha, rana da iska su busar da ita cikin kwana biyu. Da kuka sa mata siminti kun toshe mata numfashi. Danshin da kika ji da hannunki shi ke nan, ya shiga ya rasa mafita. Je ki ƙwanƙwasa simintin da ɗan dutse, za ki ji yana amsawa kamar ganga, don ya rabu da bangon tuntuni, ƙasar bayansa ta zama gari. Gindin ya yi laushi, nauyin daurin guga yana tura bango waje, sai sama ta buɗe.

Ana gyara irin wannan, na gyara wanda ya fi shi muni. A tokare bakan da itace tukuna. A ɓamɓare simintin duka, a bar bango ya sha iska. A sake gina gindin kaɗan kaɗan, kamu biyu yau, a bari ya bushe, a matsa gaba, ba a rarake shi gaba ɗaya ba. A ɗinke tsagar da guntayen azara a gicciye, a cike da tubali. A yi masa dakali mai gangara don ruwa ya gudu. Amma ba zan rantse ba sai na ga azarar cikin bakan. In gara ta cinye ta, magana ta sake.

Ɗan Kasuwar Dole:
Baba magini, da girmanka, amma duk wannan aikin nawa zai ci? Kuma baɗi a sake? Bulo sau ɗaya ake yi a huta.

Tsohon Magini na Zango:
Ɗana, gaskiya ne ginin ƙasa yana son a duba shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Haka iyayenmu suka yi. In bazara ta kama, kowane gida ka ga an tara ƙasa a ƙofa, an zuba ruwa da ciyawa an bar ta ta ruɓa, yara na tattakawa. Kwana biyu uku an gama yaɓe. Abin da ba a yi shekara goma ba ne yake taruwa ya zama babban aiki. Bulo kuma ba hutu ba ne har abada, zagaya sabbin unguwanni ka ga katangun bulo nawa ruwan 2024 ya kwantar.

Mushe Mai Ritaya:
Na koyar da tarihi shekaru da dama, bari in sa baki. Ƴata, abin da ke hannunku ya wuce gidan iyali ɗaya.

Birnin nan ya samu siffarsa ne a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwa, a zamaninsa aka ƙera igwa a nan Damagaram, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus su bi ta Agadas su sauka a Zango kafin su wuce Kano. Dukiyar wannan fatauci ce ta hau bango ta zama zayyana. Mai hali yana nuna halinsa a zaurensa, don nan ne iyakar baƙo, nan ake shari'ar iyali, nan ake ɗaurin aure, nan almajirai ke karatu. Bature ɗan Jamus, Bart, ya sauka a garin nan a ƙarshen 1852. A 1898 aka kashe kyaftin Kazamaju na sojan Faransa a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 Faransawa suka ci garin. Damagaram ce hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926 da aka mai da ita Yamai. Ina ganin wannan ƙaurar, duk da ta rage mana arziki, ita ta sa Birni ya tsira da kamanninsa, don da hedikwata ta zauna da tuni an fasa lungunan an yi manyan tituna.

Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Jerin jira ne, har yau ba a wuce nan ba. Agadas ta shiga cikakken jerin a 2013. Muna kuma da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adu. In aka sa gini cikin waɗanda dokar ta kare, yana nan na masu shi, sai dai ba a rushe shi ko a sake masa kama ba tare da izini ba.

Abin da ke damuna shi ne, ranar da masu dubawa za su zo, ba fada kaɗai za su kalla ba. Unguwa za su kalla. In kowane gida ya mai da zaurensa shago, fada za ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar tol.

Babban Wa:
Salamu alaikum. Ni ne yayan da ake magana a kansa. Wani aboki ya turo mini, na karanta duka. Ƙanwata, ban ji haushi ba, gara da kika kawo ta gaban mutane.

Mushe, na gode da tarihi, a makaranta irinku suka koya mana shi kuma ina alfahari da shi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cikin mu goma sha huɗu, mu uku ne a garin nan. Sauran suna Yamai, suna Kano, ɗaya yana Libiya. In hadari ya haɗu da tsakar dare ni ake kira. Daren ranar da masallaci ya faɗi ban runtsa ba, ina tsaye a tsakar gidan nan da tocila, ruwa har idon sawu, ina roƙon Goggo ta fito ta tafi gidana tana ƙi. Masu son gidan a hoto ba su ga wannan daren ba.

Simintin da Baba magini ya ce shi ne ciwon, ni na saya da kuɗina, da kyakkyawar niyya. Ban sani ba. Yau na ji, kuma na yarda.

Na taɓa ɗaukar hotunan gidan na kai wani ofishi, aka karɓe ni da mutunci, aka ce gida ne mai daraja, kada mu taɓa shi, za a zo a gani. Shekara ta zagayo ba wanda ya zo. To in gidan na kowa ne a baki, me ya sa yaɓensa nawa ne ni kaɗai?

Kuma akwai abin da ƙanwata ba ta faɗa ba, wataƙila don kunya. Muna da ƴar uwa da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar. Ƙanenmu ma ya rasu ya bar marayu, rabonsu na cikin gidan nan. Ba kwaɗayin shago nake ba. So nake gidan ya ciyar da wani.

Jikar Birni:
Yaya, wallahi ban kawo maganar don in kunyata ka ba. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Ni ina Yamai, sau biyu nake zuwa a shekara, ban taɓa aiko da ko dala don yaɓe ba. Wannan laifina ne kuma zan gyara. Ka yafe mini.

Hajiyar Garin Malam:
Ku bari mace ta faɗi nata, don mu ke wuni cikin gidajen nan.

Mu mun rushe namu shekara takwas da suka wuce, muka yi bulo da tol. Ba zan yi ƙarya ba, akwai abin da na huta da shi. Na huta da tara kwanoni a ɗaka in ana ruwa, na huta da ƙasa na zubo mini a kan gado, na samu makewayi mai kyau. Masu yabon ginin ƙasa su riƙa tunawa da wannan, don ba su ke shara ba.

Amma zafi, ƴata! In watan Afrilu ya kama, ɗakin tol ba ya shiguwa daga hantsi har bayan isha'i. In wuta ta ɗauke sai mu kwashe yara mu fito tsakar gida. Surukata, Allah ya jiƙanta, a tsohon soronta ko tsakar rana sai ta ja mayafi, ruwan randarta kamar an sa ƙanƙara. Da muka mai da ita sabon ɗaki ba ta ƙara jin daɗin barcin rana ba har ta koma ga Allah. Goggonku ba rigima take ba, jikinta ya san abin da yake so.

Da zan sake, zan bar zaure da soro ɗaya, in gyara makewayi da madafa da siminti, in ja ruwan wanka da bututu ya fita nesa da katanga. Yawancin katangun da na ga sun zube a unguwarmu ta bayan makewayi suka fara.

Tsohon Magini na Zango:
Hajiya ta faɗi abin da na manta. Ruwan wanka ya fi ruwan sama ɓarna, don shi kullum ne.

Baƙo Daga Agadas:
Ni mutumin Agadas ne, aiki ya kawo ni Damagaram. Ina jin ana ta ambaton UNESCO, bari in faɗa muku yadda abin yake a wurinmu. Mun ji daɗin shiga jerin a 2013, sunan garinmu ya ɗaukaka, hasumiyar masallacinmu mai tsawon mita 27 duniya ta san ta. Amma kada wani ya zaci ana rabon kuɗi gida gida. Abin da ya fara iso mai gida shi ne ƙa'ida: kada ka sake fuskar gidanka yadda ka ga dama, ka nemi izini. Baƙi masu yawon buɗe ido da aka sa rai da su kuma, matsalar tsaro ta hana su zuwa yadda ake so. Gidajen da suka tsaya da kyau a tsohon garinmu su ne waɗanda mutane ke kwana ciki suna yaɓewa. Wanda aka kulle aka tafi, ko yana cikin jerin, damana biyu uku ta gama da shi. Masallacinmu ma da ya kai yau tun ƙarni na 16, yaɓen da jama'a ke taruwa suna yi masa ne ya kawo shi.

Don haka Babban Wa, kada ka jira kowa. Amma kada ka rushe.

Malamin Zaure:
Bismillah. Tunda maganar gado ta shigo, ga abin da na sani a fiƙihunmu na Malikiyya, Allah ne mafi sani.

Duk magajin da ya nemi rabonsa yana da haƙƙi, ba a hana shi don son tarihi. Rabon marayu kuwa amana ne, ba mai ikon kyautar da shi ko barinsa ya lalace. A nan Babban Wa yana kan hanya.

Sai dai fitar da haƙƙi ba dole sai da diga ba. Ana iya kiran masana su yi wa gidan kima, waɗanda ke son a bar shi su sayi rabon masu bukatar kuɗi, ko a biya su kashi kashi in sun yarda. In wani ya sayar da rabonsa ga bare kafin a raba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Bayan haka, baligai masu hankali suna iya yin waƙafi da nasu rabon, su ce zauren nan ya zauna don karatu ko don zuri'a, ba a sayarwa ba a rushewa. A rubuta, a sa shaidu, a kai inda hukuma za ta tabbatar.

Kuma ina roƙonku ku zauna ku goma sha huɗu, ko ta waya ce, kafin magana ta yi tsami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ba bangon zaure kaɗai nake nufi ba.

Ɗalibar Zanen Gini:
Gaisuwa ga iyaye. Ni ƴar Sabon Gari ce, ina karatun zanen gine-gine. Ina son in ce wa Kawu na Kasuwar Dole, ginin ƙasa ba alamar talauci ba ne. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, can jihar Tawa ma, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Mutanen waje suna zuwa koyon abin da muke rushewa.

Shawarata ga Yaya Babba: shago ba dole sai a wurin zaure ba. In gidan yana da katanga ta gefe da ke kallon lungu ko titi, wadda ba ta da zayyana, a fasa shago ɗaya ko biyu a can. Fuskar gida ta tsira, haya ta shigo, a ware wani abu daga ciki don yaɓen kowace shekara, saura ya tafi ga marayu.

Kuma kafin a taɓa komi a auna zauren, a zana shi a takarda, a ɗauki hoton kowace zayyana da ma'auni a gefenta. In na zo hutu zan yi wannan kyauta. Wajen sabon yaɓe kuma ana iya zuba siminti kaɗan cikin ƙasar don ta ƙara ƙarfi.

Tsohon Magini na Zango:
Jikata, Allah ya yi miki albarka, duk na yarda sai ta ƙarshe. Bulon da aka matse da inji aka sa masa siminti kaɗan, wannan sabon gini ne, daidai ne. Amma tsohon bango ba ya son abin da ya fi shi tauri a kansa. Shi yana kumbura da damana ya koma da rani, yaɓen ya kamata ya bi shi. In yaɓen ya ƙi motsi sai su rabu, mu koma gidan jiya.

Muna da namu maganin ruwa tun kafin siminti. Makuba, daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ita, bango ya yi duhu ya yi santsi, ruwa na zamewa. Sai laso na rufi da zanko: katsi daga rijiyar marina, a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara. Laso mai kyau yana shekaru ba a taɓa shi ba. Gashin jima ana samu wurin majema har gobe. Katsi ne ya yi wuya, tunda marina sun mutu. Azara ma ta yi tsada, giginya ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, mai kyau daga nesa take zuwa, irin ta wajen Gaya. Shi ya sa duk gidan da aka rushe nake bin masu shi in sayi tsohuwar azara. Wadda ta shekara ɗari a rufi ba gara, ta fi sabuwa.

Abin da ya fi azara wuyar samu shi ne hannu. A da akwai Sarkin Magina da yaransa, yaro na fara wa da miƙa tubali, ya shekara goma kafin a bar shi ya ɗaura baka. Yau waɗanda za su iya ɗaurin guga a garin nan, in na ƙirga, yatsun hannuna sun isa, kuma duk mun yi furfura. Ɗana da ke rubuta wannan, bulo yake yi. Ban hana shi ba, can abinci yake.

Ɗalibar Zanen Gini:
Na karɓi gyara, Baba. In za ka yi aikin nan, ka yarda in tsaya kusa da kai in rubuta yadda ake haɗa laso. A makaranta sunansa kawai muka ji.

Mushe Mai Ritaya:
Ni ma zan zo. Kuma ina ganin duk da abin da ya samu Babban Wa, a sake rubuta takarda a kai wa masu kula da al'adu, a kai kwafi fada, a ajiye ɗaya. Ko ba su kawo ko sisi ba, a san cewa gidan yana nan kuma masu shi sun yi magana. Maganar titi da ya fi gida tudu kuma ba ta gida ɗaya ba ce, ta unguwa ce. Mai unguwa ya tara maƙwabta a fitar wa ruwan hanya, in ba haka ba kowa zai yi ta toshe ƙofarsa yana tura wa na kusa.

Ɗan Kasuwar Dole:
Ni har yanzu tsorona rai ne. Ku yi duk abin da za ku yi, amma tsohuwa kada ta riƙa zama ƙarƙashin bakan nan. In an yi shagon gefe kuma ina da mai so, tela ne, ba ya ɓarna.

Babban Wa:
Akwai katangar kudu, tana kallon lungun da ake bi zuwa masallaci, ba zayyana a jikinta. Tsohon turken doki ne a bayanta, ba mai amfani da shi. Ban taɓa tunaninta ba don shago ɗaya kawai za ta ɗauka, ni kuma uku nake lissafi.

Ga sharaɗina, a gaban kowa. Baba magini ya zo ya duba. In ya ce azarar bakan tana da rai, na janye maganar rushewa, amma kowane magaji baligi ya sa hannu a aljihu, kuma a rubuta abin da kowa zai riƙa bayarwa duk shekara kafin damana. Rabon marayu da na ƴar uwarmu a fitar musu kamar yadda Malam ya ce. In kuwa ya ce gara ta gama da ita, ƙanwata, ke za ki zo da kanki ki faɗa wa Goggo, ni ba zan iya ba.

Jikar Birni:
Na yarda, Yaya. Zan kira na Kano da na Libiya yau da dare. Tubalin nan mai shatin yatsu yana wurina, na naɗe shi a ɗankwali. Baba, in an zo ɗinke tsagar ina so a mai da shi inda ya fito.

Tsohon Magini na Zango:
Za a mai da shi, ƴata. Alhaji, zan zo ranar Alhamis bayan la'asar in Allah ya kai mu. Kafin nan kada kowa ya taɓa simintin, kada a cusa komi a tsagar. Ka samu ƙasa mai laushi ka shafa ɗan yaɓe siriri kamar tafin hannu a gicciyen tsagar, wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa. In na zo na tarar ya tsage, bango na tafiya ke nan, sai mu tokare a ranar. Goggo ta riƙa shiga ta ƙofar baya, a ɗauke mata tabarmarta daga zauren. A nemo mini tsani mai tsawo da tocila, da yaro mara nauyi wanda zai hau rufi.

Babban Wa:
Tsani akwai na maƙwabci. Yaro kuma ɗan marigayi ƙanenmu zai hau, shekararsa goma sha uku. Sai kun zo, Baba.